Haƙarƙari Na Goma Sha Uku

"Shekara huɗu na yi a jami'a, kullum hannuna cikin jini," in ji Lauwali, yana gyara farar rigarsa mai maɓallai. "Ku kawo mini ƙato ko wane iri ne, in nuna muku inda za a taɓa ya kwanta."

A shekarun nan ne da arzikin man fetur ya sa kowane gari ke son a ce yana da mai digiri. Lauwali ya sauka Roni daga wajen Babura da akwatin ƙarfe da wannan riga mai tabo-tabo, wadda ya ce ta ɗakin gwaji ce. Ilimin wasanni ya karanta, a faɗarsa, ɓangaren yadda gaɓoɓin mutum ke aiki. Takardar shaida kuwa tana hanya, 'yan gidan waya ne ba su da kirki. Ran kasuwa ba ya bi ta rumfar mahauta, wai ilimi ya hana shi kallon ƙuda.

Duk garin babu wanda maganar ta shiga kamar Halliru, manomin gyaɗa, kuma ɗan damben da Roni ke taƙama da shi. Kakar bara Na'Allah na Gwiwa ya zubar masa da haƙora biyu, ya kwantar masa da karan hanci gefe. Kawu Mamuda, wanda ya rene shi, ya rantse in aka sake kayar da shi, da hannunsa zai ƙone zaren da Halliru ke naɗe hannu da shi, dambe ya ƙare ke nan. Saura wata guda su sake haɗuwa.

Lauwali ya sa Halliru ya tuɓe riga. Ya mari ƙirjinsa, ya damƙi cinyarsa, ya matsa bayan wuyansa yana gyaɗa kai.

"Tsoka ce zalla, ba kitse. An yi kiwo mai kyau."

Sai ya zana hoto a ƙasa da tsinke. Haƙarƙari goma sha uku ne a kowane gefe, in ji shi, kuma ƙarƙashin na ƙarshe ta dama nan hanta take. Naushi ɗaya a nan, ko bijimi sai ya durƙusa.

Halliru ya laluba nasa, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

"Malam, sha biyu nake samu."

"Yatsan manomi ke nan. Na ƙarshen ɓoyewa yake yi. Daga inda ka tsaya, ka sauka yatsu huɗu."

Wata guda Halliru yana dukan buhun yashi a daidai nan, har sai da hannunsa ya san hanyar da kansa.

Ranar wasa, bayan la'asar, fagen Gwiwa ya cika ya batse. Har jami'in wasanni da aka turo Kazaure daga Kano, Malam Sama'ilu, ya zo a kan babur ɗinsa. Lauwali na hango shi ya ja hula ta rufe gira, ya koma bayan makaɗa, wai a can ya fi ganin jijiyoyi.

Turmin farko Na'Allah ya fasa wa Halliru leɓe. Jini ya gangaro ta haɓa har ƙirji. Halliru ya tofar, ya ci gaba da zagaye, idonsa a kan gefen cikin abokin gaba.

Turmi na biyu naushi ya same shi a kunne, ƙarar kalangu ta ɗauke masa ɗif. Girarsa ta tsage, ido ɗaya ya rufe. Mutanen Roni na ta ihun ya kai duka a fuska, ga ta nan a buɗe. Sau uku Na'Allah yana sakin hannun kariya, sau uku Halliru yana ƙyalewa. Shi ba fuska ya zo nema ba.

A turmi na uku Na'Allah ya ɗaga hannu sama, gefensa na dama ya buɗe. Halliru ya ga inda haƙarƙari ya ƙare, ya sauka yatsu huɗu, ya saki duk ƙarfin da ya tara tun bara.

Ƙashin ƙugu ya daka.

Na kusa sun ji ƙarar kamar an taka busasshen kara. Wuyan hannun Halliru ya lanƙwashe. Na'Allah ya yi tangaɗi ɗaya kawai, ya dawo ya aza masa naushi a muƙamuƙi. Halliru ya zube da fuska, bakinsa ya cika da ƙasa da jini.

Da ya farfaɗo, Malam Sama'ilu ne durƙushe a kansa yana ɗaure hannun tsakanin sanduna biyu. Kawu Mamuda na tsaye, ya riga ya warware zaren ya dunƙule a hannu. Samarin Roni sun riƙo Lauwali ta wuyan riga, sun kamo shi yana ƙoƙarin hawa keken da ba nasa ba.

"Me ya kai ka dukan ƙashi, ga fuska a sake?" in ji Sama'ilu.

"Hanta na nema, ranka ya daɗe. Ƙarƙashin haƙarƙari na sha uku. Malam ne ya koya mini, a jami'a ya karanto."

Sama'ilu ya ɗaga kai. Ya dubi rigar, ya sa aka cire hular, ya daɗe yana kallon fuskar.

"Lauwali. Ashe nan ka yo."

"Kun gani ko?" in ji Lauwali. "Ya san ni. Yallaɓai, gaya musu shekara nawa na yi."

"Huɗu cur, ni shaida ne," in ji Sama'ilu, ya ja ɗaurin ya ƙulle. "Mutum sha biyu gare shi, Halliru. Sa ne mai sha uku, kuma wannan shi ke feɗe mana shanu a bayan kicin ɗin jami'a."