Golan da Ya Mutu Sau Biyu

Akwai wani mai gidan gem, wato shagon wasan bidiyo, a bayan tasha, yana da wata tsohuwar na'ura mai taurin kai, wadda sai an hura faifanta an goge shi da gefen riga kafin ta yarda ta tashi. Wasan ƙwallo ɗaya ne a cikinta, amma ba irin na kowa ba, don shi da ƙanensa sun sauya 'yan wasan kaf sun mai da su samarin unguwarsu, wannan da wushiryarsa, wancan da sanƙonsa. Ƙanen ya sa kansa a raga, har ya ƙara wa kansa tsawon da Allah bai ba shi ba. Da ya rasu a hatsarin mota ya bar matarsa da ciki, 'yar da aka haifa ta tashi ba ta san ubanta a ko'ina ba sai a wannan allo. Duk Juma'a takan zo shagon baffanta ta zauna kan benci, ta ga Babanta ya yi tsalle ya cafe ƙwallo, ta yi ta tafi.

Ana nan sai kamfanin da ya ƙera wasan ya sake fito da shi, an wanke shi tas, ciyawa kore shar, har gumin goshin ɗan wasa kana gani. Sai dai babu faifai. Sai da intanet yake tashi, kuma duk abin da ka gina a wurin kamfani yake kwana. Mutumin nan ya ga kyau, idonsa ya rufe. Ya sake zana ƙanensa a sabon, ya ce ai yanzu ma ya fi kama, tsohuwar na'ura kuwa da faifanta da ɗan katin da ke riƙe da ƙungiyar ya haɗa ya miƙa wa mai gwangwan, wai ta cika masa wuri. Ba a daɗe ba kamfanin ya ga wasan ya daina kawo riba, ya rufe shi, bai nemi shawarar kowa ba. Mutumin ya kunna, ya kashe, ya sake sayen data, ya ɗaga waya sama yana neman sabis, allon dai baƙi ƙirin. Ya ruga wurin 'yan gwangwan, ya tarar tuni an fasa na'urar an zare wayoyin cikinta. Nan ya tsuguna ya dafe kai, don ya san da hannunsa ya ba da ita.

Ran Juma'a yarinyar ta zo ta zauna a bencinta, ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Baffa, yau Baba ba zai fito ba?"

Shi ya sa Hausawa suka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.