Layi na Huɗu

Kwana uku ke nan Baba Minti, mai gyaran agogo, yana shimfiɗa taswira a kan teburin cin abinci, har iyalinsa suka koma ci a ƙasa. Ya ja jan layi a kan sabuwar babbar hanyar da aka buɗe, wadda ake biyan kuɗi kafin a bi. Ya rubuta inda za a sha mai da inda za a miƙe ƙafa, kowanne da lokacinsa. Ba banza 'yan kasuwa suka raɗa masa wannan suna ba.

Ya ce ƙaninsa zai kai wa ziyara. Abin ya ba kowa mamaki, domin mutumin da yake kashe mota a gangare don kada mai ya ƙone, shi ne yau yake neman hanyar biya.

"Baba, ga tsohuwar hanya kyauta," in ji babban ɗansa.

"Ramukanta ma kyauta ne," in ji shi, bai ko ɗago kai ba.

Ɗan ya buga wa baffan nasa waya don ya ji abin da za a kai masa. Baffa ya ce shi bai ma san da zuwan baƙi ba, amma dai gida nasu ne.

Matar Baba Minti kuwa, tun da ta leƙa taswirar hankalinta ya tashi. Ta ce rana za ta yi zafi. Ta ce ƙafarta na ciwo. Ta ce a bari sai Juma'a. Ya ce Talata, kuma ƙarfe shida da rabi na safe mota za ta bar ƙofar gida, da ita ko ba ita. Ta shige kicin da wayarta, ta ja ƙofa, ta kira wata lamba sau uku. Ba a ɗauka ba.

Ran Litinin ɗan ya dawo da wani kati da ake mannawa a gilashin gaba. Ya yi bayani cewa da shi ba sai an tsaya ba, ƙarfen shingen zai ɗaga da kansa, mota ta wuce abinta.

"Madalla!" in ji uwar, har da tafi. "Manna masa, ɗan albarka."

Baba Minti ya juya katin gaba da baya, kamar agogon da ba ya gyaruwa, ya jefa shi a aljihun tebur. Ya ce shi ba ya hulɗa da ƙarfe, hannu zai miƙa wa hannu.

Ranar ya kai motar wurin bakanike aka duba birki, aka ƙara wa tayar safaya iska. Daga can ya biya wurin mai aski. Da ya dawo ya ciro rigarsa mai ruwan toka, wadda ba ya sawa sai da dalili, ya goge ta da kansa.

"Duk don ƙanin naka?" in ji matar.

"Don hanya. Sabuwa ce, a girmama ta."

Shida da rabi daidai suka tashi, su biyu. Hanyar kuwa sumul, kamar an shafa mata mai. A ƙofar biya ta farko ya miƙa kuɗi, ya karɓi rasit, bai ko amsa gaisuwar ma'aikacin ba. A gidan mai ya ƙi bari matar ta gama shayinta, wai sun makara da minti huɗu. Can gaba kuma ya sauka gefe ya tsaya minti goma ba dalili, wai sun yi sauri.

Tun daga allon da ya nuna saura kilomita biyar a kai ƙofa ta biyu matar ta kama bakin mayafinta tana murzawa.

Layi shida ne a ƙofar. Na ɗaya da na biyu babu mota ko ɗaya.

"Malam, ga na ɗaya can wayam," ta ce. "Don Allah bi na ɗaya."

Ya sa sigina, ya ratsa a hankali ya shiga na huɗu, bayan wata tirela da motocin haya biyu. Ya duba agogonsa. Sha ɗaya saura kwata. Ya gyara hularsa a madubi, ya share tafin hannunsa a gwiwa, ya sake sharewa.

Tirelar ta wuce. Motocin haya suka wuce. Ya matso, ya sauke gilashi.

Ma'aikaciyar da ke cikin ɗan ɗakin ta miƙo hannu, idonta na kan na'ura. "Barka da hanya, ranka ya daɗe."

Bai ba ta komai ba. Na baya suka fara danna hon. Ta ɗago kai a fusace, sai bakinta ya buɗe, rasit ɗin ya suɓuce daga hannunta.

"Kin rame," in ji Baba Minti. "Sha ɗaya kike tashi, ko? Za mu jira ki a gefe. Uwarki ta zaci ita kaɗai ta san inda kike."

Matarsa ta rufe fuska da mayafi, ba a san ko dariya take ko kuka ba.

Shekara huɗu da suka wuce, ranar da 'yarsa ta ajiye karatun likitan da ya ɗora wa rai, ya rantse ba zai taɓa taka ƙofar gidanta ba, amma rantsuwar ba ta ce komai a kan ƙofar biyan kuɗin hanya ba.