Saura Uku

Tun da aka rufe asibitoci, ta allon bango likita ke duba mutane, kuma ba ya bayyana sai saurin intanet ɗin gida ya kai hamsin.

Mijin Barira na kwance, ya dafe ƙirji. Ta gwada saurin: talatin da ɗaya. Layi ɗaya duk unguwar ke ja, sai ta fita ko mayafi babu, gida-gida.

"Don Allah ku kashe wayoyinku, Malam ne ba lafiya!"

Aka kashe. Ta sake gwadawa: arba'in da bakwai.

Saura gidan maƙwabciyarta Lantana. Barira ta durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Yaya, minti biyar kawai."

Lantana ta ɗaga labule. Na'urar da ke ba jaririnta numfashi ce kaɗai ta rage a layin.

"Shigo ki kashe da hannunki," in ji ta.