Ɗakin Khaulah

Tun daga ƙofar tsohuwar fadar, Gwaggo Ɗelu ta fara taɓe baki. Wai nan sarakunan Malesiya suka zauna kafin a mayar da wurin gidan tarihi. Ta ɗaga kai ta dubi furannin zinaren da suka nannaɗe rufi, ta dubi fitilun ƙarau na reto, ta ja tsaki. Shekara talatin tana jeren amare a Kano, kallo ɗaya take yi wa kujera ta san ajinta.

Zuhra, matar ɗan wanta Adnan, na biye da ita riƙe da jaka. Kwana biyu ke nan Gwaggo na ɗan akurkin gidansu na unguwar Sentul, kuma babu abin da ya tsira daga bakinta: kujerun roba, labule kamar zanen goyo, katifa a ƙasa. Jiya ma a gaban baƙi ta ce wa Zuhra ta je gidan Khaulah ta ga yadda mata ke zama.

Khaulah ita ce 'yarta tilo, shekara uku da aure a wannan gari. Dominta Gwaggo ta hau jirgi ba sanarwa, don ta gani da idonta ɗakin da Khaulah ta turo mata hotonsa, ta yi ta nuna wa matan unguwa a waya har suka fara kauce mata a gidan biki. Sai dai kullum da uzuri. Jiya ana fenti, yau maigidan ya fita da makulli. An dai yi alkawarin bayan la'asar, sai Zuhra ta ce su zaga fada kafin lokacin.

"Wai wannan ce fadar?" in ji Gwaggo a falon baƙi, tana nuna kujeru masu murɗaɗɗun ƙafafu da haɓa. "Khaulah ko a tsakar gida ba za ta ajiye waɗannan ba."

"Akwai upstairs, Gwaggo," Zuhra ta ce a hankali. "Ɗaki ɗaya ya rage, sai mu je mu makan, mu ci abinci."

Gwaggo ta hau benen tana dafa gwiwa, tsakinta a shirye. A bakin ɗakin ƙarshe ta tsaya cak.

Gado ne mai allon zinare, da madubi mai ganyaye a kewaye, da labule ruwan zuma mai geza. Ba ta buƙaci ƙirga matasan kai ba, ta san bakwai ne. Ta san ƙafar teburin nan da ta ɗan karkace kamar yunwar cikinta. Kunya ta rufe ta, tsoro ya biyo baya, don sai yanzu ta gane ba ta san inda 'yarta ke kwana ba. Ta juya, ta tarar Zuhra ta ƙura wa ƙasa ido.

Ɗakin Khaulah ne, komai da komai, jar igiyar da ke hana 'yan kallo shiga kawai aka yanke daga hoton.