Ranar da Gajere Ya Ƙi Shiga Rami

Sati biyu ke nan da Oga ya girka sabon injin zuƙe ruwa a can ƙasan ramin da suke haƙar ma'adinai. Injin ba ya shan fetur, da tukunyar gas irin ta girki yake aiki. Oga sai yabonsa yake kamar shi ya haife shi.

Da safe mahaƙa suka jeru da diga da shebur, Gajere a gaba. Shekara shida yana tare da su bai taɓa ɗaga shebur ba, amma in aka buɗe kwanon abinci ba a riga shi zuwa. Ƙa'idarsu ɗaya ce: shi ke fara shiga rami, sannan kowa ya bi.

Yau taku goma ya yi, ya ja birki, ya yi atishawa, ya fito da gudu ya zauna a bakin ramin. Mahaƙa ma suka zubar da kayan aiki.

Oga ya iso da taba a baki, yana laluben ashana a aljihu.

"Saboda wannan ci-ma-zaunen za ku tsayar min da aiki? Yau zai bar wurin nan, kar in sake ganin ƙeyarsa!"

Hankalin tsohon makaniken da ke kula da injin ya tashi, don shi ya kawo Gajere, kuma ba shi da inda zai kai shi.

"Ranka ya daɗe, ba ni minti goma. Amma don Allah miƙo ashanar nan tukuna."

Makaniken ya kaɗa ruwan sabulu a gwangwani, ya shiga ramin. A tsaye bai ji komai ba. Da ya durƙusa sai wari ya doki hancinsa, domin gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Ya shafa sabulun a tiyon tukunyar, kumfa ta taso ɓul-ɓul. Ya rufe tukunyar, ya fito.

"Tiyo ya tsage, gas ya kai gwiwa. Ƙyastu ɗaya, da duk mun zama labari."

Tabar ta suɓuce daga bakin Oga. Kunya ta rufe shi. Ya tako a hankali, ya cire hula a gaban kowa.

"Gajere, tuba nake. Ka yi haƙuri."

Gajere dai ya miƙe, ya ɗaga ƙafar baya ya tsula wa tayar motar Oga fitsari, ya wuce abinsa yana kaɗa wutsiya.