Kwabon Kakanmu

Dillalin tsofaffin kuɗi ya buɗa hoton kwabon kakanmu da na tura masa a wayarsa, ya taɓe baki.

"Gaban kwabon lafiya lau. Amma bayansa ya shafe sumul, ba rubutu ba shekara. Ko kyauta ba na so."

Ni kuwa na riga na yi wa matata alkawarin firiji da kuɗinsa. Na faɗa ɗakin Inna a fusace, na nuna mata hoton, na ce sai ta gaya mini wanda ya lalata gadon kakanmu.

Ta dubi hoton, ta dubi tumbina.

"Kai ne. Da ƙatuwar cibiya aka haife ka, shi na riƙa ɗaura maka don ta koma. Ɗaga rigar in gani, ko a banza kwabon ya ƙare."

Ban ɗaga ba.