Jirgin Yaƙin da Aka Rufe Ba Igwa a Ciki

Kai da kake ce min abin da ka tsallake za ka koma masa daga baya, zauna in ba ka misalin wani kafinta. Yana da wa wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aikin jirgin ruwa, daga Ikko zuwa ƙasashen da ko sunansu ba mu iya faɗa daidai. A wata tasha can ya taɓa shiga wani tsohon jirgin yaƙi na katako da aka ajiye don masu kallo, irin na zamanin da babu inji, iska ce ke tura shi da manyan yadudduka. Ya dawo gida da hoton jirgin, da labarinsa da ba ya ƙarewa, musamman hawan ƙasa na cikin jirgin, inda igwa ke jere, kowace da 'yar tagarta, bakinta yana leƙen teku. Da tsufa ya zo sai ciwon ido ya kama shi, likita ya ce ganin tafiya yake yi kuma ba zai dawo ba. Nan ƙanen ya yi masa alkawari zai ƙera masa wannan jirgi, ƙarami, tsawon hannu, komai da komai, ya gan shi tun idon yana gani.

Kafintan gwani ne, wannan kam ba a hana shi. Ya samo busasshen maɗaci, ya kafa ƙashin bayan jirgin, ya jera masa haƙarƙari, ya tsaga katako siri-siri ya jiƙa a ruwan zafi, yana lanƙwasawa yana mannawa har cikin jirgin ya fito sumul. Ya huda 'yan tagogin nan a jere. Da aka zo kan igwa ɗin kansu, sai kasala ta kama shi. Abubuwa ne 'yan mitsi-mitsi, duk iri ɗaya, kowace da ɗan keken da take zaune a kai, aikin da ba mai tsayawa bakin shago ya ce maka sannu. Shi kuwa Allah Ya yi shi da son a yaba. Ya fiƙe 'yan kaɗan ya watsa a gwangwani, ya ce sauran sai daga baya. Ya shafa gam ya rufe hawan ƙasa da daɓen sama, ya kafa dogayen sandunan da ke riƙe yadudduka, ya yanka tsohuwar farar rigarsa ya ɗaura yadudduka, ya yi ta jan zare sama da ƙasa kamar saƙar gizo, kowane da ƙullinsa. Masu wucewa suka fara tsayawa, har 'yan acaɓa na kashe mashin don su kalla, kansa ya yi ta kumbura, gwangwanin kuwa yana can ƙarƙashin benci an manta da shi.

Ranar da ya kai jirgin, wan ya fito da shi bakin ƙofa inda rana take, ya kawo shi dab da fuskarsa, ya yi murmushin da aka daɗe ba a gani ba. Can sai ya sunkuya kan tagogin, ya leƙa, ya zura ɗan ƙaramin yatsansa a ɗaya, ya ji wayam. Ya ce, “Kai, ɗan'uwa, ai jirgin fatake ka yi min. Ina igwa?” Da dariya ya faɗa, amma ƙanen ya san wansa, ya ji abin har cikin ransa. Ya ce, “Yanzun nan zan saka su, Yaya.” Ya koma shago ya zauna ya fiƙe su duka, ya ɗauki matsefata zai tura ta farko ta taga. Ba ta shiga ba. Tagar daidai bakin igwa aka huda ta, keken ba ya wucewa. Ya matsa, keken ya karye ya faɗa ciki yana ƙwaras-ƙwaras. Hanya ɗaya ce ta rage, a ɗaga daɓen sama, daɓen kuma sanduna na kansa, sandunan kuma zare ya ɗaure su ta ko'ina. Ya daɗe zaune da reza a hannu kafin ya iya yanke zaren farko.

Rushewar ta fi ginin cin lokaci, domin gam ba ya sakin abin da ya riƙe sai da ɓarna. Wannan karon bai bar kowa ya leƙa ba. Ya zaunar da kowace igwa a gurbinta, ya sake daɓe, ya sake sanduna, ya sake zare. Ido kuwa bai jira shi ba. Da ya sake kawowa ya yi sallama, wan ya amsa yana fuskantar bango. Kafintan ya ɗora masa jirgin a cinya. Tsohon ya bi gefensa da yatsu a hankali, yana taɓa bakin igwa ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙarshen layi, ya gyaɗa kai ya ce, “Yanzu kam ya zama jirgin yaƙi. Wane launi ka shafa musu?” Kafintan ya buɗe baki zai ce baƙi, kuka ya riga shi.

To ka ji. Aikin da ya guda bai fi na 'yan kwanaki ba a lokacinsa, kuma daga baya ya yi shi, ya yi shi da kyau ma, sai dai wanda aka yi dominsa bai gani ba. Shi ya sa Hausawa suka ce tun ran gini, tun ran zane.